Mai Ɗaura Faranti

Sana'ata hawa rufin mutane.
Daga Gyallesu har Tudun Jukun
babu kwanon da bai san nauyin ƙafata ba.
Ina juya faranti ya kalli sama
kamar mai roƙon ruwa,
sai duniya ta gangaro ta siririyar waya
ta zauna a falo ba sallama.

Jiya Alhaji Sallau ya kira ni:
"Akwai tashar da za ka toshe mini.
Yara sun ga maza biyu riƙe da hannu,
ba irin riƙon da muka sani ba."
Na danna lamba huɗu, na kulle.
Ya ba ni ɗari biyar da goro.
A soro na wuce autansa bayan ƙyaure,
waya a tafin hannu, haskenta a fuskarsa.
Ban tanka ba.

A wasanninmu na gida ma akwai su:
mai karairaya, mai tafa hannu, zani a ƙirji.
Ana shigo da shi don a yi dariya,
a kore shi kafin a ɗaura aure.
Mukan yi dariyar, ni har na ƙware.
Inna kaɗai ke miƙewa a wannan gaɓar
ta ce za ta duba awaki.
Rabonmu da akuya tun bara waccan.

Yayana Tanimu yana tuƙa tuwo a Kwangila.
Direbobin tirela sun san miyarsa,
mu shekara tara ba mu ambaci sunansa ba.
Da Baba ya rasu, a bakin layi ya tsaya
ya aiko da kula uku ta shinkafa.
Masu gaisuwa suka cinye, suka sa albarka,
ba wanda ya tambayi hannun da ya dafa.

Shekaranjiya wuta ta dawo ƙarfe biyun dare,
akwatin da nake gwaji ya farka shi kaɗai.
Na fito na kashe,
na tarar da Inna zaune da carbi.
A gilashin, wata tsohuwa ta wata ƙasa
ta buɗe ƙofa: ɗanta, da abokinsa a bayansa,
kowa ya rasa inda zai ajiye idonsa.
"Me ta ce masa?"
Turancina na sukudireba ne, amma na ji.
"Ta ce su shigo, abinci zai huce."
Carbi ya tsaya.
"Haka kawai?"
"Haka kawai."
Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki:
"Su ba su da maƙwabta ne?"
Ta ce in kashe, haram ne,
amma sai da aka zauna cin abincin ta miƙe.

Da safe ta damƙa mini ƙullin leda,
daddawa da kuka, dakan hannunta.
"In aiki ya bi da kai Kwangila.
Ba na ce ka je ba.
Ka ce masa shinkafar makokin nan
gishiri ya yi mata yawa."

Garin bai canza ba.
Abin da ake faɗa a majalisa ana nan ana faɗa,
ni ma ban san me zan ce ba in an tambaye ni.
Ƙullin yana cikin jakata, tsakanin filaya da waya,
kwana biyu yana wari, yana tuna mini.

Yau daga rufin wani gida a Tudun Wada
na hango Kufena tsugune inda yake tun fil azal,
na hango faranti ɗari, duk sun juya gefe guda.
Na san ƙarƙashin wani kwanon
akwai mai kallo da murya a kashe,
yatsa a kan rimot, kunne a ƙofa.
Na ɗaure noti na ƙarshe, na sauko.
Mai adaidaita ya ce, "Ina zuwa?"
Na tsaya ina lissafin canji.